ƘARIN GIRMAN MALAMAI: DA WANE MUDU ZA A AUNA?

Jama'a, maganarmu ta wannan mako a kan malaman makaranta ta ke, da hanyar da a ke bi wajen yi musu ƙarin girma da ƙarin albashi. Mun sani akwai ɗan kasuwan da zai ji an karanta wannan ya ce, "Ina ruwana da matakin albashin malami, ni da na ke fama da kuɗin mota da kuɗin rumfa da tsadar kaya?" To, da ruwanka, har da tsakinka. 'Ya'yan manya suna makarantun kuɗi a Dutse da Kano da Abuja, waɗansu ma sun haye teku. Naka ɗan kuwa yana furamaren Gwamnati, wataƙila a ƙasa ya ke zaune, kuma ko zai iya karanta maka wasiƙa, ko zai iya rubuta maka bashin da ka ke bin mutane, duk yana hannun mutumin nan guda da ke tsaye a gaban allo. In hanyar ci gaban mutumin nan ta karkace, a kan ɗanka za ta zube.

Mu dai wannan magana gadonmu ce. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, ya koyar a Midil ta Bauci, kuma tun kafin a kafa NEPU ran 8 ga Agusta 1950 ya tsaya aka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a cikin 1948, shi ne sakatarenta. Hukuma ba ta ji daɗin bakinsa ba. A 1949 aka ɗauke shi daga Bauci aka kai shi Maru, a ƙarshen 1950 ya ajiye aikin ya shiga siyasa gadan-gadan. A zamanin nan makarantun elementare a hannun En'e su ke. Malamin da ya iya faɗuwa gaisuwa shi ke ci gaba, wanda kuwa aka ji ƙishin-ƙishin yana da katin NEPU a aljihu, sai a jefa shi ƙauyen da ba hanya, ko a sallame shi gaba ɗaya. En'e ta daɗe da kaucewa, amma duk ran da ku ka ji an ce za a bambanta malamai wajen albashi, ku tuna da zamanin nan, ku tambaya wa zai riƙe mudun awon.

Bari mu bayyana yadda tsanin ya ke a yau, don wanda bai taɓa cin albashi ba ya gane. Tun daga rahoton Udoji na 1974 aka jera ma'aikatan Gwamnati mataki-mataki, daga na 1 zuwa na 17. Mai takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da aka yarda a shiga aji da ita, yana farawa daga mataki na 7, mai digiri daga na 8. Daga nan, bisa ƙa'ida, kowace shekara uku ya cancanci a duba shi: a cika masa rahoton shekara wanda na sama da shi ke sa wa hannu, ya zauna jarrabawar ƙarin girma, sa'an nan in akwai gurbi a ba shi takarda. Babu mataki na 11, daga na 10 sai na 12. Ku buga lissafin da kanku, ku da lissafi ne sana'arku. In ba a tsallake shi ko sau ɗaya ba, mai NCE zai kai mataki na 14 cikin shekara 18, a nan kuwa, a jihohi da yawa, tsaninsa ya ƙare. Mutum ya fara aiki yana da shekara 25, ya kai ƙarshen tsani yana da 43, sauran shekarun aikinsa sai ya yi ta zama wuri guda kamar kwale-kwalen da ruwa ya janye ya bari a kan yashi.

Wannan tsani shekaru ya ke ƙirgawa, bai san aiki ba. A ɗauki malamai biyu rana ɗaya. Guda kullum kafin a buga ƙararrawa yana makaranta, ya duba littafin kowane yaro, yaron da ya daina zuwa ya bi shi gida ya tambayi ubansa dalili. Gudan kuwa sai ya leƙo ya sa hannu, ya hau babur ya tafi acaɓa ko gona. Bayan shekara uku takarda iri ɗaya za a miƙa musu, in ma ba a riga ba na biyun ba saboda yana da kawu a ofis. Wane ɗan kasuwa ne zai sayi riɗi tsantsa da riɗin da aka yi wa algus da yashi a kuɗi ɗaya? In ya yi haka kasuwa biyu, ran ta uku kowa yashi zai kawo masa.

Ga kuma takardar da ba ta da nauyi. Kukan malamai ne a ko'ina cikin Nijeriya, a ba mutum wasiƙa a ce ya hau mataki na 9 tun Janairun bara, albashi kuwa ya ci gaba da zuwa na mataki na 8, ariyas sai ran da Allah Ya yi. Jiharmu ta yi suna wajen biyan albashi a kan kari, ba mu musa ba, kuma ba mu hana mai yabo yabonsa. Amma mu so mu ke a ɗaure ranar takarda da ranar kuɗi da igiya ɗaya, a rubuta cikin doka, don kada abin ya rataya a kan kirkin wanda ke kan kujera. Mai awon gero ba ya karɓar wasiƙar ƙarin girma.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya kuwa, mu mutanen bakin kogi, shi ne a yadda a ke tafiya yanzu duk hawan da malami zai yi, hawa ne na fita daga aji da fita daga ƙauye. Malami ya gwanance da koyar da 'yan aji ɗaya baƙi da wasali, ladansa shi ne a mai da shi hedimasta ya koma cika rajista. Ya gwanance a nan, a kai shi ofishin ilmi na ƙaramar hukuma ya riƙa zagaya makarantu. Ya ƙara gaba, sai Dutse. Watau kamar a ce duk masuncin da ya fi kowa iya jan taru, ladansa shi ne a hana shi shiga ruwa, a kafa masa kujera a bakin gaɓa ya riƙa ƙirga kifin waɗansu. Wa ya taɓa jin haka in ba a aikin Gwamnati ba?

Ku dubi ƙasar nan tamu. Ƙananan hukumomi takwas ne a masarautar Haɗeja, watau Haɗeja, da Auyo, da Birniwa, da Guri, da Kafin Hausa, da Kaugama, da Kirikasamma, da Malam Madori. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, kogi ya sake hali. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan da ya rasa hanya ya bi gonaki da gidaje. A 2020 da 2022 da 2024 mun ga abin da muka gani. A 2022 samarin Haɗeja kwana suka riƙa yi suna jera buhunan ƙasa a kan jinga, makarantu da yawa a jihar nan kuwa suka zama masaukin waɗanda ruwa ya kora daga gidajensu. To, malamin da aka tura Abunabo ko Kadira a ƙasar Guri, ko Baturiya da Madaci a ƙasar Kirikasamma, in damina ta yi nisa ruwa ya yanke hanya, sai ya biya kwale-kwale, ya naɗe wando ya ratsa laka, sauro ya sha jininsa, in iyalinsa ta tashi haihuwa asibiti na can nesa. Takwaransa na cikin garin Haɗeja ya fito daga gida ya taka da ƙafa ya isa makaranta rigarsa fes. Tsanin nan bai san bambancinsu ba, shekara ukun wannan daidai ta ke da shekara ukun wancan. Har ma na gari ya fi shi, don shi ne kusa da ofis, shi zai fara jin labarin kwas, shi zai ji ranar jarrabawa, in fayil ɗinsa ya ɓace ya je da kansa a nemo.

Saboda haka ba mu ga laifin malamin da burinsa a dawo da shi gari ba. Mai uwa a gindin murhu sai ya dawo. Ƙauyen fadama kuwa sai a bar masa sabon ɗauka, da ɗan wucin gadi, da wanda aka yi fushi da shi. 'Ya'yan masunta da manoman shinkafa da makiyaya, waɗanda ba su da mai duba musu karatu a gida, waɗanda ruwa kan cinye musu makonni daga cikin shekarar karatu, su ne suka fi kowa bukatar gwanin malami, su ne kuma na ƙarshen samunsa.

Alkawari dai an sha yi. A 2008, bayan yajin aikin da ƙungiyar NUT ta yi a duk ƙasa, gwamnoni suka sa hannu za su ƙara wa malamai kashi 27 da rabi cikin ɗari, jihohi da yawa sai da aka yi shekaru ana ja-in-ja da su. Ran 5 ga Oktoba 2020, ranar malamai ta duniya, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi shelar albashi na musamman don malamai, da alawus na wanda aka tura ƙauye, da gidaje masu sauƙin kuɗi a karkara, da ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, na aiki daga 35 zuwa 40. Dokar shekarun ritaya ya sa mata hannu a Afrilu 2022. Sabon albashin kuwa har ya sauka a 2023 malamai ba su gan shi ba. An ƙara wa jaki tsawon tafiya, an manta da dusa.

A nan Jigawa, Gwamnatin Badaru Abubakar ta kawo shirin J-Teach, aka ɗebi matasa masu NCE da digiri aka sa su a aji a kan ɗan alawus, ba matakin albashi, ba fansho. Gwamnatin Umar Namadi da ta hau a 2023 ta mai da 3,000 daga cikinsu ma'aikatan dindindin. Madalla, an yi abin kirki, mun faɗa. Amma muna tambaya, shekarun da suka yi suna shan alli a kan alawus, za a lissafa musu su wajen ƙarin girma, ko sun bi ruwa? Mu mun ce a lissafa. Wanda ya yi noma tun shuka ba a ce masa ranar girbi ya fara aiki.

Yanzu sai mu zo ga masu cewa maganin duk wannan shi ne a biya malami gwargwadon yawan yaransa da suka ci jarrabawa. Maganar tana da daɗin ji, ɗan kasuwa ma zai ce ai haka ya ke yi da yaran shagonsa. Amma ba yau aka fara gwada ta ba. Ingila ta gwada tun 1862. Kuɗin da makaranta ke samu, da abin da malami ke ci, aka rataya su a kan yawan yaran da suka haye gwajin mufatishi na karatu da rubutu da lissafi. Sai malamai suka koma dasa wa yara hadda kamar aku, ran zuwan mufatishi har yaro marar lafiya a kan ɗauko daga gida don kada kuɗi ya ragu. Kafin shekarar 1900 Turawan da kansu sun watsar da tsarin. A birnin Atlanta na Amurka aka ɗaura lada da barazanar kora a kan sakamakon jarrabawa, binciken da aka fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44, ana zama ana goge amsar yaro ana rubuta daidai, a 2015 kotu ta kama mutum 11 da laifi. In haka ta faru a ƙasashen da ke da masu bincike birjik, me ku ke tsammani a nan, inda kowa ya san yadda satar amsa ta zama ruwan dare? Kuɗi za mu riƙa biya a koya wa 'ya'yanmu sata.

Ko da ba a yi satar ba ma, awon ba na adalci ba ne. Manomi biyu, guda yana fadama guda yana kan jigawa, ba a sanin wanda ya fi ƙwazo da ƙirga buhu kaɗai. Malamin da aka ba 'ya'yan ma'aikata talatin a cikin gari, da wanda aka ba yara ɗari a Marma, rabinsu sun yi wata guda ba su taka makaranta ba saboda ruwa, in an auna su da jarrabawa ɗaya na gari ne zai kwashe ladan, shekara da shekaru. Sai a ƙara wa ƙauye gudun malamai a kan wanda ya ke fama da shi.

Ba mu ce a bar rago da mai ƙwazo su ci gaba da cin tuwo a akushi ɗaya ba. Akwai inda abin ya yi amfani. A jihar Andra Faradesh ta ƙasar Indiya, tun daga 2005, an gwada ba malaman ƙauye ɗan ƙari, wajen kashi 3 cikin ɗari na albashin shekara, kuma yara suka ƙaru a lissafi da karatu. Amma ku lura da yadda suka yi. An auna inda yaro ya ke da fari, aka auna inda malami ya kai shi, a kan tazarar aka biya, kuma baƙi ne suka zo suka yi gwajin. Wannan awo mun yarda da shi. Wanda ya karɓi yaro bai san baƙi ko ɗaya ba ya mai da shi mai haɗa kalma, ya fi wanda ya karɓi mai karatu ya mayar da mai karatu.

Bulala kaɗai kuma ba ta gyara. A 2017 Gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman furamare wajen 33,000 jarrabawa, 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka sallame su aka ɗebi sababbi. A 2022 sai ga shi an sake korar 2,357. Wanda bai iya karatun ɗan aji huɗu ba lalle ba shi da abin yi a gaban allo, amma kafin a kore shi a fara neman wanda ya ɗauke shi aiki, da wanda ya riƙa sa hannu a rahotonsa shekara da shekaru yana cewa ya iya.

Akwai wani hadari da ke haɗowa kuma. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, albashin malaman furamare kuwa daga kuɗin ƙananan hukumomi a ke cire shi. Muna goyon bayan 'yancin ƙaramar hukuma, amma ba mu manta ba. A 1988 aka kafa hukumar ilmin furamare ta ƙasa, a 1991 aka rushe ta aka miƙa malamai ga ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba albashi, har sai da aka sake kafa ta a 1993. In aka wayi gari ƙarin girman malami da canjin wurin aikinsa suna aljihun ciyaman, to, an dawo da En'e da sabuwar hula, kuma malamin da aka gani a taron jam'iyyar adawa ya fara ɗaure kayansa.

Manyan makarantu ma cutar ba ta bar su ba. Ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja, 'ya'yan talakawa ne cike da su. A tsarin jami'o'in ƙasar nan yawan maƙalun da malami ya buga shi ke kai shi ga kujerar farfesa, iya koyarwa kuwa ɗan kaɗan a ke ba shi cikin maki. Shi ya sa mujallun biya-a-buga-maka suka yi yawa kamar jamfa a Jos. Mu a ganinmu malamin da ya binciko maganin kacala, ko irin shinkafar da za ta jure kwanciyar ruwa a Auyo, ya kamata a auna masa da mudu mafi girma fiye da mai maƙala goma da ba wanda ya karanta.

Gwamna Namadi ɗan Kafin Hausa ne, maganar ruwa da laka ba sai an yi masa tafinta ba. Abin da jam'iyyarmu ke nema gare shi da Majalisar Dokoki ta Dutse shi ne a buɗe tsani na biyu a cikin aji, yadda gwanin koyarwa zai hau har ya kai albashin darakta alli na hannunsa. A sa doka shekara biyu a ƙauyen da ruwa ke yankewa ta tsaya a matsayin shekara uku, a haɗa da ɗakin kwana a makaranta da alawus mai kauri. Kada a ce ba a taɓa yi ba. Gambiya, ƙaramar ƙasa wadda ba ta da man fetur, tun 2005 ta sa wa malaman furamare na makarantun da ke nesa da babban titi ƙarin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na albashi, kuma malamai masu takardar koyarwa suka ƙaru a ƙauyukan. Masu gwada yara su zo farkon shekara su dawo ƙarshenta, kuma a ɗebo su daga wata masarauta, na Gumel ko Kazaure su zo Haɗeja, na Haɗeja su tafi Ringim ko Dutse, don kada siriki ya auna siriki. Zuwan malami aiki kuwa ba mai shaidarsa kamar iyayen yara, a ba kwamitin makaranta na mutanen gari ikon sa hannu a kai. In an gama, a liƙa sunaye a bangon ofishin ilmi na kowace ƙaramar hukuma, wane ya hau, da maki nawa, daga wane wata kuɗinsa zai fara, wanda aka tsallake kuma a faɗa masa dalili a rubuce, a nuna masa inda zai kai kuka.

Ku kuma malamai, ba za mu shafa muku zuma a baki ba. Cikinku akwai masu cin albashin aikin da ba su yi ba, kun san su, kuna rufa musu asiri. Talakan da zai tsaya muku shi ne wanda a ke koro ɗansa gida da hantsi a ce ba malami. In ƙungiyarku tana so mutanen kasuwa su fito bayanta ran da ta shiga ja da Gwamnati, sai ta fara yarda a kira rago da sunansa.

'Yan jam'iyya, kowane reshe ya tura mutum biyu, da namiji da mace in da hali, su je furamaren unguwarsu ko ƙauyensu cikin ladabi, su gai da hedimasta, su tambaye shi malamai nawa ke rubuce a rajista, nawa ne 'yan wucin gadi, nawa aka ɗauke aka mayar gari cikin shekara uku da suka wuce, kuma yaushe rabon kowane malami da ƙarin girman da kuɗinsa ya shiga hannu. A rubuta a kai wa sakataren reshe kafin ƙarshen wata. Za mu buga amsoshin a wannan shafi ƙauye-ƙauye, kuma da ƙasar Guri za mu fara.